Yadda Na Komo Gida Ta Ruwa A Shekarar Korona

Ni mutumin Gaya ne, cikin jihar Doso. Sana'ata su da noma, kamar yadda na tarar da mahaifina yana yi. Ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi a shekara ta 2020, shekarar da cutar korona ta tsayar da duniya. Na daɗe ina bin ruwa, amma ban taɓa yin tafiyar da ta koya mini hankali kamar wannan ba.

Garinmu yana bakin kogin Kwara, wanda Dandawa da Zabarmawa ke kira Isa. Ƙetaren ruwa ƙasar Benin ce, ga gada ta haɗa mu da Malanbil. In ka yi gabas kaɗan kuma sai ka isa Kamba, cikin Nijeriya. Ƙasa uku ke nan, amma kogi ɗaya muke sha. Kusan kowane gida a Gaya yana da dangi a ƙetaren iyaka.

Tafiya cin rani

Kowace shekara, in mun gama girbi, mukan gangara Nijeriya neman kifi. Akwai wata tunga kusa da Wara, bakin tafkin Kainji, can nake sauka. Tafkin nan ya samu ne da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Yana da faɗi ƙwarai, akwai giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa. Mukan kama, mu banda, fatake su zo daga kudu su saya.

Na bar gida cikin watan Nuwamba na 2019. Na bar Inna, tsohuwa mai fama da hawan jini. Na bar matata da ƙaramin ciki, da ƙanena wanda bai wuce shekara 15 ba. Na yi musu alkawari zan komo cikin Afrilu, kafin ruwa ya sauka, in yi sharar gona. Amma mutum yana nasa, Allah yana nasa.

Tun farkon shekara muke jin labarin wata cuta a rediyo, wai ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Muka ce ina ruwanmu, Sin ai da nisa. Ran 27 ga Fabrairu aka ce ta shigo Legas. Ran 19 ga Maris aka sami mutum na farko a Yamai. A wannan daren ne Nijar ta rufe iyakokinta na ƙasa, bisa umarnin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu. Manyan motocin kaya kaɗai aka bari suna wucewa.

Daga nan sai kasuwa ta mutu. Fataken kudu suka daina zuwa, don a Nijeriya ma an hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Kifin da muka banda ya jibge, ƙwari suka fara cinsa. Wanda ke riƙe da kuɗina ya ce in yi haƙuri, shi ma ba a biya shi ba. Na zauna ina jira, yau da gobe, har azumi ya kama.

Cikin azumin nan matata ta haihu, ɗiya mace. A waya na ji labari. Aka yi suna ba ni nan, ƙanin mahaifina ya tsaya a madadina. Aka yi salla, ina tunga. Sai ran nan ƙanena ya kira ni, ya ce, "Yaya, ruwa ya sauka sau biyu. Kowa ya yi shuka. Na shuka ta bayan gida, amma babbar gona ta fi ƙarfina."

Daren nan ban yi barci ba. Manomi ya san abin da ake nufi in shuka ta wuce shi. Wanda bai shuka da ruwan fari ba, zai sayi hatsi da tsada shekara guda. Da gari ya waye na karɓi rabin kuɗina, na yafe jiran sauran, na ɗaure tarkacena na nufi Yawuri.

Kwana shida a kan ruwa

A bakin ruwan Yawuri na sami wani mai jirgin inji, mutumin wajenmu, shi ma yana son komawa. Dattijo ne, ya yi shekara da shekaru yana jigila tsakanin Yawuri da Gaya. Mutane da yawa suka taru suna roƙonsa. Ya ce mutum 11 kaɗai zai ɗauka. Aka yi ta ba shi kuɗi ninki biyu, ya ƙi. Ya ce, "Ruwa ya janye. In na cika jirgi, ko mu kafe ko mu kife." A lokacin na ga kamar taurin kai ne. Sai cikin Mayu na 2021, da wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse kusa da Wara, mutum fiye da 100 suka halaka ko suka ɓace, na tuna da maganar dattijon nan.

Bari in yi muku bayanin ruwa, don ku san irin wahalar da muka sha. Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara a wajenmu. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwan yakan zo da laka. Ta biyu tana zuwa cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ruwan sama ne da ya sauka can duwatsun ƙasar Gini, ya bi ta fadamun Mali a hankali, ya yi watanni kafin ya iso mu. Bayan ya wuce sai kogi ya yi ta raguwa, har watan Mayu da Yuni ya kai ƙarshen janyewa. To, mu farkon Yuni muka taso, kuma gaba muke yi da ruwa.

Kwanan farko lafiya lau. Kwana na biyu muka fara gamuwa da tudun yashi. Jirgi ya yi ta kafewa. In ya kafe sai mu tuɓe riguna mu faɗa ruwa mu tura. Wani wuri ruwa iya gwiwa, taki biyu gaba kuma ya sha kan mutum. Mai jirgi yana tsaye a goshi yana duban launin ruwa, yana nuna wa yaronsa hanya da hannu. Sau biyu muka ratse wa dorina da ɗanta.

Da yamma mukan ɗaure jirgi a gungu, wato tsibiri, mu dafa shinkafa da busasshen kifi. Ba ma tafiyar dare, don akwai dokar hana fita, ga kuma duwatsu cikin ruwa. A da, in ka sauka kowace tunga, sai a kawo maka ruwa da tabarma. Wannan karon wasu ƙauyuka daga nesa suke ɗaga mana hannu, su ce mu wuce. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya yi mini ciwo.

Kwana na uku muka wuce ƙarƙashin gadar Tuga. Daga nan mai ya fara ƙarewa. Tun watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta ga kaya saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Cikin Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Saboda haka duk yadda muka matso gida, mai yana ƙara wuya da tsada. Mai jirgi ya ce za mu riƙa kashe inji, mu yi tuƙi da gora da filafili. Haka muka yi, har hannuwanmu suka yi kanta.

Tsohon da ya yi tari

Cikinmu akwai wani tsoho mai saƙar taru. Ba ya yawan magana. Daren kwana na huɗu zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar ɗari, yana tari. Kowa ya yi tsit. Sai aka fara ja da baya, har jirgi ya karkata gefe guda.

Wani saurayi mai rediyo ya ce ya ji labarin wani ƙaton jirgin ruwa da aka tsare a ƙasar Japan cikin Fabrairu. Mutum wajen 3,700 ne a ciki, fiye da 700 suka kamu. Ya ce, "In babban jirgi mai likitoci ya zama haka, ina ga namu?" Nan take tsoro ya kama kowa. Wasu suka ce da safe a sauke tsohon a ƙauye na farko, a bar masa guzuri.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, ina cikin waɗanda suka ce a sauke shi. Har na fi kowa ɗaga murya. Ina tunanin Inna, ina tunanin jaririyar da ban gani ba.

Mai jirgi ya bari muka gama. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Ɗana, wane ƙauye zai karɓe shi? Ka ga yadda suke korarmu muna da lafiya. In mun ajiye shi bakin ruwa, mun kashe shi ke nan. Kuma kwana huɗu kuna cin tuwo akushi ɗaya da shi. In cutar ce, ai kun riga kun ɗauka. Gobe in kai ne ka yi tari, mu sauke ka?"

Na rasa abin cewa. Kunya ta rufe ni.

Mai jirgi ya sa aka gyara wa tsohon wuri a can ƙarshen jirgi, aka kafa masa tabarma ta kare rana. Aka ware masa kwano da moɗa. Kowa ya yage ƙyalle ya rufe hanci da baki. Aka ce mutum ɗaya ya riƙa kai masa abinci, ya wanke hannu da sabulu in ya komo. Na ce ni zan yi. Ba don na fi kowa kirki ba, don in wanke bakina ne. Da na kai masa kunu ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ashe duk ya ji abin da na faɗa da dare. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Tsoro ne, ɗana. Ba komi."

Mu sauka da dare ko da rana?

Kwana na biyar muka wuce Lolo, muka iso Dole Kaina, garin da iyaka ta raba biyu, rabi Nijeriya rabi Nijar. Daga nan hannun dama ƙasarmu, hannun hagu Benin. Na fara ganin giginyun wajenmu, zuciyata ta yi ta harbawa.

Nan wata gardama ta tashi. Mun san iyaka a rufe take, kuma mun san shigowarmu ba bisa ƙa'ida take ba. Mafi yawa suka ce mu jira dare, mu sauka wani lungu, kowa ya sulale gidansa, ba wanda ya sani. Gaskiya abin ya kwanta mini. Cikin dare ɗaya sai in ga kaina a ɗakina.

Amma na dubi tsohon nan kwance. Kwana biyu ni ke taɓa kwanonsa. Na tuna abin da ake faɗa a rediyo kullum, cewa cutar nan takan yi har kwana 14 a jikin mutum kafin ta nuna, wani ma yana ɗauke da ita bai sani ba. Kuma ta fi kayar da tsofaffi da masu hawan jini da ciwon sukari. Na ce a raina, jiya na so a jefar da uban wani don in tsare uwata. Yau kuma ni da kaina zan kai mata abin da nake gudu?

Mai jirgi ya ce shi dai da rana zai sauka, a tashar jirage, kowa na gani. Mutum huɗu suka ce a ajiye su kafin nan, aka ajiye su. Mu bakwai muka ƙarasa. Ran kwana na shida da hantsi muka iso Gaya.

Jami'an tsaro suka tsare mu, suka yi mana faɗa, kuma da gaskiyarsu. Suka duba takardunmu suka ga duk ƴan ƙasa ne. Aka kira ma'aikatan lafiya. Suka auna zafin jikinmu da wani abu da ake nuna wa goshi, suka rubuta sunayenmu da unguwanninmu. Aka tafi da tsohon likita. Mu kuma aka ce kowa ya keɓe kansa kwana 14, kada ya cuɗanya da kowa, in ya ji zazzaɓi ko tari ko numfashi ya yi masa wuya ya aika a faɗa.

Na ce wa ma'aikacin, "Malam, gidanmu ɗaki uku ne, randa ɗaya, buta ɗaya. Ina zan keɓe?" Ya ce, "Ba ka da gona?" Na ce ina da ita, har da bukka. Ya ce, "To, ai ka sami wuri."

Kwana 14 a bukkar gona

Na bi ta bayan gari da kayana a kai. Na hangi rufin gidanmu, na ji ƙarar turmi, ban ratse ba. Wata bakwai rabona da gida, ga shi ina gani, na wuce. Cikin tafiyar duka, wannan ne wurin da ya fi mini wuya. Tura jirgi cikin yashi wasa ne a kansa.

Na kira ƙanena na gaya masa. Da la'asar ya kawo mini iri da sungumi da tulun ruwa da tuwo. Ya ajiye gindin wata giginya a bakin gona, ya ja da baya, na zo na ɗauka. Haka muka riƙa yi safe da yamma. Kwanona ba ya komawa gida sai na wanke shi da sabulu na shanya a rana.

Kashegari da dare Allah ya kawo ruwa mai yawa. Da asuba na fita shuka. Ku manoma kun san shuka aikin mutum biyu ne ko uku, ɗaya yana sara, saura suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ni kaɗai na yi duka. In sare layi, in komo in zuba. Kwana biyar na gama gero, na shiga dawa. Kowace safiya ina ƙulla ƙulli ɗaya a igiya, don kada lissafin kwana ya ɓace mini.

A gari kuwa magana ta yi yawa. Wasu suka ce na zo da cutar ne ake ɓoyewa. Wasu suka ce na tsiyace ne ina jin kunyar shiga gida. Wasu suka ce korona ma ƙarya ce, na mai da kaina abin dariya. Ƙanena ya ce Inna ta yi fushi, ta ce ba ta taɓa jin ɗan da ya zo gari ya ƙi zuwa gaida uwarsa ba.

Ran kwana na uku da hantsi, ina cikin sara, sai na hangi mutum biyu tafe. Inna ce da sandarta, matata na biye da goyo. Ni ne ɗan fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta sakin fuska da ni gaban mutane, kamar yadda al'adarmu take. Ban taɓa zaton za ta tako har gona saboda ni ba.

Na yar da sungumi, na durƙusa daga inda nake, tsakaninmu kamar taki goma. Na ce, "Inna, ina kwana? Ki tsaya nan, kada ki matso."

Ta ce, "Kai, lafiyarka?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Amma na yi jinyar mai tari a jirgi. Ban sani ba ko na ɗauko wani abu. Gara ki yi fushi da ni kwana 14 da in zama sanadinki."

Ta yi shiru, ta daɗe tana dubana. Can ta ce, "Muna yara, in agana ta shigo gari, bukka ake yi wa mutum a bayan gari. A kai masa abinci a ajiye. Ba ƙiyayya ba ce." Ta juya ga matata ta ce, "Kwance ta ya gani."

Matata ta kwance goyo, ta ɗaga yarinyar sama. Ta ce, "Maigida, ga baƙuwarka." Na ga ɗan ƙaramin kai da hannuwa suna motsi. Hannuna cike da ƙasa, ban iya ɗaukarta ba. Na yi mata addu'a daga nesa. Da suka tafi na shiga bukka, na yi abin da namiji ba ya yi gaban mutane.

Daga ranar Inna ta hana kowa yin maganata. Ita da kanta take dama mini fura ta ba ƙanena.

Ran kwana na takwas labari ya zo cewa tsohon ya sami sauƙi. An gwada jininsa, zazzaɓin cizon sauro ne. Ƙanena ya ce, "To Yaya, sai ka taho gida." Na ce a'a. Mun ratsa kasuwar Yawuri, mun cuɗanya da mutane iri-iri. An ce 14, sai na cika 14.

Ran kwana na 15 da safe ma'aikacin lafiya ya auna ni ya ce in tafi. Na yi wanka, na wanke tufafina, na shiga gida da sallama. Aka miƙo mini ɗiyata. Geron da na shuka kuwa ya riga ya tsiro, layi-layi.

Abin da ya biyo baya

Daminar 2020 ta zo da ruwa mai yawan gaske. Cikin Agusta da Satumba kogi ya yi cikar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Ya ci gidaje a Yamai, ya cinye shinkafa mai yawa a jihar Kabi. Ƴar shinkafar da muke yi a fadama ita ma ta tafi. Geron tudu, wanda na shuka ina keɓe, shi ya riƙe gidanmu har wata damina.

Iyakokin ƙasa na Nijar ba a buɗe su ba sai ran 17 ga Yuni na 2021. Da na ce sai an buɗe zan komo, da na yi shekara guda cur a tunga bayan wancan lokaci. Cikin 2021 aka kawo allurar rigakafi, na kai Inna aka yi mata, ni ma aka yi mini. Cikin Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta daina zama abin gaggawa ga duniya.

Har yau ban sani ba ko na ɗauko cutar a tafiyar nan ko ban ɗauko ba. Wani abokina yakan yi mini ba'a, ya ce na yi zaman bukka a banza. Nakan ce masa, wanda ya daɓe rumbunsa bai yi asara ba don ɓera bai zo ba.

Ƴan'uwa matafiya, masu zuwa cin rani da masu bin ruwa, cuta ba ta ƙare a duniya ba. Akwai kwalara, akwai sanƙarau, akwai ƙyanda, kuma wata sabuwa tana iya ɓullowa. In ka fito daga inda ake ciwo, kada ka sulale gida da dare. Ka nuna kanka ga ma'aikatan lafiya, ka bi abin da suka ce. In abokin tafiya ya kwanta, a ware masa wuri da kwano, amma kada a yar da shi. Ɗokin gida yana da ƙarfi, na sani. Amma wanda ya yi haƙurin wata bakwai, ba zai kasa na kwana 14 ba.

Allah ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya. Amin. Wassalam.